Yadda Za Ka Ja Wuta Zuwa Garejin Surukinka Ba Tare da Ka Tambayi Kowa Ba

Kai da ka ɗauki takardar nan, zauna ka natsu. In ka bi matakai tara da ke ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, an ɗaukar maka alkawari wuta za ta kama a garejin surukinka, sunanka na injiniya zai tsira, kuma hannunka da ƙotar fartanya sun yi sallama ke nan. Ba a bukatar ka san komai game da lantarki. Sanin ma rage wa mutum ƙarfin hali yake yi.

An gwada hanyar nan a Jibiya da daminar 1957, a kan wani mutum mai suna Maharazu, kuma ta yi aiki. Yana nan da ransa. Ɗan yatsansa guda ne dai ba ya lanƙwashewa sosai har yanzu, shi ma na hagu ne.

Mataki na ɗaya: Ka sami suna tukuna, aiki ya biyo baya

Ka tafi Kano. Ba sai ka daɗe ba. Maharazu, mutumin Daddara, wata bakwai ya yi can yana bin wani ma'aikacin lantarki da tsani a kafaɗa. Shi ke jingina tsanin, shi ke riƙe ƙafarsa, shi ke sauke shi. Bisa tsanin kuwa bai taɓa wuce matakala ta uku ba, ita ma ranar da hular maigidan ta maƙale a reshe ne.

Abu biyu ya koyo, don maigidan yakan maimaita su kullum kamar wuridi. Na ɗaya, muddin akwai waya a hannunka, kada ka cire takalmin roba. Na biyu, in wuta ta riƙe mutum kada ka taɓa shi da hannu, ka sami busasshen ice ka maka masa har ya saki.

Da waɗannan ya dawo gida, da filaya guda mai jan hannu. Ka lura da filayar nan. A aljihun ƙirji ake sa ta, hannunta a waje, yadda malamin asibiti ke sa alƙalami. Kwana uku Maharazu ya yi yana zagaya tashar Jibiya da ita, a na huɗu wani direba ya ce "Injiniya", ya waiga. Shi ke nan. Duk aikin a waigawar yake.

Da sunan ya nemi auren Safiyatu, ɗiyar Alhaji Ya'u mai manyan motoci biyu da ke jigilar gyaɗa da goro tsakanin Katsina da Maraɗi, aka ba shi. 'Yan'uwansa na Daddara suka zo ɗaurin aure suka ci tuwo. Da za su tafi, babban wansu ya ce masa sun rataye masa fartanyarsa a jikin rumbu, ba wanda zai taɓa ta, tana jiransa. Maharazu ya ce a bai wa mabukaci, shi da ita sai a lahira. A gaban mutane ya faɗa. Kai ma ka tabbata a gaban mutane ka faɗa, don kada ka bar wa kanka hanyar komawa.

Matarka za ta gane. Kada wannan ya dame ka. Safiyatu ko wata ba ta yi a ɗaki ba ta ga kantar da ke kafaɗarsa ta dama, ta sa yatsa ta danna.

"Injiniya, wannan hwa?"

"Karatu ne."

"Au, ku a Kano da kafaɗa kuke karatu?"

Don ya rufe maganar sai ya shiga karanta mata darussan nan biyu, da murya irin ta wanda ya ƙago su. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya ƙara basira, ta ci gaba da tankaɗe.

Mataki na biyu: Ka bari surukin ya nema da bakinsa

Wani Bafaranshe ɗan kasuwa zai koma ƙasarsu, sai Alhaji Ya'u ya sayi injin wutarsa a Maraɗi, haɗe da allon makunni da rediyo mai girman akwatin amarya. Rabe, makanikin Alhaji, wanda ya koyi aiki a garejin Faransawa, shi ya girka injin a ɗan ɗaki kusa da zaure, ya kafa allon a bango daf da ƙofar baya, ya rataya ƙwan lantarki guda a tsakiyar zaure. Unguwar kaf, in ka ɗebe gidan nan, fitilar kananzir ce da aci-balbal.

Saura gareji, can bayan gida, inda motoci ke kwana. Alhaji yana son in mota ta iso da magariba a iya duba cikinta ba tare da wani ya kusantar da fitila ga tankin mai ba. Rabe zai iya yi cikin yini guda. Amma Alhaji ya ce yana da injiniya a gida, don me zai bai wa makaniki?

Ya sa aka kira Maharazu. A nan sai ka nuna tarbiyya. Tun daga nesa ka tuɓe takalmi, ka tsuguna, ka kafa ido a kan tabarma. Sunan surukinka kuwa ba ya cikin kalmomin da bakinka ya sani. Maharazu ya kai ladabin nan inda ba a saba kai shi ba: tunda sunan Alhaji Ya'u ne, ko kalmar "yau" ba ya faɗa a gabansa, sai dai ya ce "ranar nan da muke ciki".

Alhaji ya ce, "Ran Lahadi ina da baƙi daga Maraɗi, in an tashi kasuwa. Ina son su ga wuta a gareji. In ta kama, ga mabuɗin gareji nan, kai za ka riƙe shi, kai ne mai kula da wurin." Ya ɗan gyara zama. "In kuwa aikin ya yi ma ƙanƙanta, ba laihi. Na ji an ce bana ciyawa ta yi yawa a Daddara."

Mutum shida ne a zauren. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar muni.

"Ƙaramin abu ne, Baba," in ji Maharazu.

Kai ma haka za ka ce. Ba a taɓa jin injiniya ya ce bari ya je ya yi tunani ba.

Mataki na uku: Kada ka tambayi Rabe

Rabe ya san amsar duk abin da kake son sani, saboda haka shi ne mutum guda da ba za ka tambaya ba. Ranar da injiniya ya tambayi makaniki, kafin la'asar labari ya wuce shingen kwastan, ya isa Maraɗi ba tare da an buga masa hatimi ba.

Amma kana bukatar sanin tsawon wayar da za ka sayo, kuma ba ka da abin awo. Dabarar ita ce ka faɗi kuskure da ƙarfi kusa da wanda ya sani. Masani ba ya iya haƙuri da wannan. Maharazu ya tsaya a ƙofar gareji, ya runtse ido ɗaya, ya dubi rufin zaure.

"Idona ya ba ni ashirin da bakwai."

Rabe na kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. "Talatin ne cif. Na auna da kaina."

"Abin da nake faɗi ke nan, in an haɗa da lanƙwasa."

"Talatin na mi, Injiniya?"

"Talatin talatin ne, Rabe."

Ƙafafun suka ɗan motsa, suka ƙara shigewa ƙarƙashin mota.

Washegari Maharazu ya bi motar Alhaji zuwa Katsina, ya shiga kanti, ya ce a ba shi waya talatin. Akawun kantin ya auna masa a kan sandar awo da ke kafe a jikin tebur, ya naɗe, ya ɗaure.

Ga wani abin da ya kamata duk ɗan Jibiya ya sani, tunda a gabansa ake yi kullum. Mota takan taho daga Katsina ta hannun hagu, tana wuce shinge ta koma hannun dama. Bature ya zama Mushe, kwastan ya zama duwan. To awo ma haka yake. Rabe da metir ɗin Faransa ya auna, akawun Katsina da yadin Ingilishi ya yanka, kuma metir ya ɗan ɗara yadi. Ɗan abu ne, kamar faɗin yatsu huɗu. Amma in ka jera yatsu huɗu sau talatin, za ka sami wurin da mutum zai miƙe ya kwanta, har ya rage inda zai ajiye takalmi da buta.

Kada ka yi wannan tunani yanzu. Lokacinsa na zuwa da kansa.

Mataki na huɗu: Ka fara daga inda ake ganinka

Mai hankali zai fara daga allon makunni ya ja waya zuwa gareji. Amma allon yana cikin zaure, inda da rana ba mai ganinka sai ƙadangare. Gareji kuwa yana kallon hanyar kan iyaka, inda direbobi ke jere suna jiran a duba takardunsu, ba su da abin yi sai kallo. Daga nan za ka fara.

Ka kafa dogayen sanduna. Ka ɗaura wuyan fasasshiyar kwalba a kan kowace, waya ta bi ta ciki. Ka gani a Kano, ko dai wani abu mai kama da haka. Kafin ka hau tsani ka ƙwanƙwasa sandar da filaya, ka kara kunne, ka girgiza kai kaɗan. Ba abin da wannan ke yi wa sanda, amma yana tara mutane.

Ranar Alhamis Maharazu ya wuce matakala ta uku, karo na farko a rayuwarsa. Daga can sama ya hango gonakin gero har Magama, ya hango tutar Faransa tana kaɗawa, ya kuma gano cewa tsani rawa yake yi in babu mai riƙe ƙafarsa. Sai a ranar ya san girman aikin da yake yi a Kano.

Wani direba ɗan Maraɗi ya ɗaga kai. "Injiniya, in wutar ta taso, hannun hagu za ta bi ko na dama?"

"Wuta ba ta da hannu."

"To takarda hwa? Duwan za su bar ta ta wuce?"

"Ba ta tsayawa a shinge. Shi ya sa ba a bai wa kowa aikinta."

Direbobin suka jinjina kai, ɗaya ya miƙo masa goro. Riƙe wannan: amsar da ba ta da ma'ana, in daga kan tsani aka faɗe ta, ilmi ce.

Kwana uku ana haka. Waya ta bar gareji, ta haye katangar baya, ta ratsa cikin gida ta saman turmi da madafa. Safiyatu ta zo taya matan gidansu aikin baƙi, lokaci-lokaci takan ɗaga kai ta dubi naɗin wayar da ya rage a ƙasa, ta dubi zaure. Wadda ta saba ɗinkin hula ta san zaren da zai kai da wanda ba zai kai ba.

Mataki na biyar: In waya ta gaza, ka zargi waya

Ranar Asabar da yamma wayar ta ƙare a farfajiyar da ke tsakanin cikin gida da zaure. Ga ƙofar bayan zaure, ga allon ana hango shi, ga bakin waya a hannun Maharazu, tsakaninsu kusan yadi uku na iska zalla.

Ka ja ta. Maharazu ya ja har sandar ƙarshe ta sunkuyo kamar za ta gaishe shi. Ka zagi akawun Katsina. Ka zagi damina, ka ce sanyi ne ya sa ta tsuke. Bayan haka ka zauna ka fuskanci lamarin. Komawa Katsina sai a motar Alhaji, direban Alhaji kuwa bakinsa ba shi da birki. Mai ragowar waya a Jibiya mutum ɗaya ne, kuma an riga an hana ka shi a mataki na uku.

A nan ake bi ta hannun mata.

"Safiyatu, ki aika wa Fatu matar Rabe, ki ce kina neman 'yar waya ta shanya."

"Ta shanya."

"Ta shanya."

"Yadi nawa ake shanyar?"

"Uku. Ki ce uku da ɗan ɗori."

Kafin magariba saƙo ya dawo. Waya ce mai kyau, an yanke ta daidai, har an ɓare bakunanta an murɗe su tsaf, irin gatan da ba a taɓa yi wa igiyar shanya ba. Fatu da kanta ta kawo, ta tsaya tana magana da Safiyatu da muryar da ake son ta isa farfajiya.

"Ya ce a gaida mai shanya. Ya ce kada a ɗora jiƙaƙƙen kaya bisa. Ya ce kuma hannun allon nan na zaure ba irin na Kano ba ne, in mai shanya na son sanin inda yake kashewa, shi taho shi tambaya, ƙofa a buɗe take."

Safiyatu ta leƙo. "Ka ji."

"Na ji ana maganar shanya," in ji Maharazu.

Daidai ke nan. Shawarar da ta biyo ta bakin mata biyu ba ta rage maka komai, muddin ba ka yi aiki da ita ba.

Mataki na shida: Kada ka kashe wa surukinka rediyo

Lahadi da safe aka yi ruwa mai ƙarfi, farfajiya ta jiƙe sharkaf. Maharazu ya shiga zaure injin na kashe, ya ɗaura gajeriyar wayar a ƙarƙashin hannun allon, inda ya ga ramuka biyu ba komai a ciki, ya zuro ta ta ƙofar baya. Saura haɗa ta da doguwar. Sai ruwa ya dawo, ya fake. Kafin a ɗauke la'asar ta yi, baƙin Maraɗi sun iso, Alhazai biyu masu manyan riguna, Rabe ya tayar da injin, rediyo ya fara kawo labarai daga Kaduna.

Mai hankali zai ce a kashe injin na ɗan lokaci. Yi tunani a kan abin da wannan ke nufi. Kai, suruki, ka shiga zaure, ka tsuguna gaban baƙi, ka ce wa uban matarka ya rufe rediyonsa. Ba a halicci bakin da zai faɗi haka a ƙasar Katsina ba.

Ba ka ma bukata. Ga hannun allo nan, wanda ke raba wayarka da injin. An rubuta kalma ɗaya a samansa, ɗaya a ƙasansa, duka da Faransanci. A Kano sama kashewa ne, ƙasa kunnawa. Maharazu ya zura hannu ta ƙofar baya ya tarar da shi a ƙasa, inda Rabe ya bar shi. Ya yi tsaki a kan sakacin makanikai, ya tura shi sama har ya ji ya ce ƙas. Ka tuna motar da ke sauya hannu a shinge? Maharazu bai tuna ba.

Ya kama bakin waya ɗaya da hannun hagu, filaya a dama, yana tsaye a kan takalminsa na tayar mota, sabo, mai kauri. Ya ji wani ɗan yam-yam a yatsu kamar tururuwa na tafiya. Ya ɗauka zumuɗi ne.

Mataki na bakwai: Ka gaida manya yadda aka koya maka

Labarai suka ƙare. Alhaji Ya'u ya ce wa baƙinsa su zo su ga aikin surukinsa, injiniyan Kano. Su uku suka tsaya a ƙofar bayan zaure, Alhaji daf da allon, kafaɗarsa na kusan taɓa hannun.

Darasin maigidan Kano wata bakwai ya yi a kan Maharazu. Darasin Daddara kuwa shekara talatin ya yi a ƙafarsa, kuma ƙafa ba ta shawara da kai. Kafin ya san abin da ake ciki, ta dama ta zame daga takalmi, ta hagu ta bi ta, ya tsuguna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, waya a hannu, ido a ƙasa.

"Barka da…"

Bai kai ga yamma ba. Hannunsa ya damƙe wayar kamar an ce za a ƙwace. Haƙoransa suka shiga kaɗawa, gwiwoyinsa na bugun juna.

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Masha Allah. Alhaji, ka yi dacen suruki. Dubi yadda jikinsa ke ɓari don kunya. Namu na yanzu ko rusunawa sai an roƙe su."

"Ba… Baba!"

Su uku suka amsa, "Na'am, sannu da aiki."

"Alhaji!"

Su uku suka sake amsawa, ɗayan har ya sa masa albarka.

Yanzu sa kanka a wurin. Mutum ɗaya ne kusa da hannun allo, kuma abu ɗaya ne ya bambanta shi da sauran biyun. Kana iya mutuwa da ladabinka, a yi maka kyakkyawar shaida a maƙabarta. Maharazu ya duba wannan na tsawon numfashi ɗaya, ya ga bai shirya ba.

"Ya'u! Kashe!"

Alhaji bai kai hannu ga allo ba. Ya tsaya baki buɗe yana waige-waige, kamar mai neman wanda ya kira shi daga wani wuri mai nisa.

Mataki na takwas: Ka auri mace mai riƙe darasi

Wannan matakin tun baya ya kamata ka yi shi. In ba ka yi ba, a nan takardar ta ƙare maka.

Safiyatu na daka a bayan katanga. Ta ji muryar mijinta ɗauke da sunan ubanta, ta san ɗayan biyu ne, ko ya haukace ko ana kashe shi, kuma duka biyun taɓarya na da amfani. Ta fito yadda take, ba mayafi, gari har gira. Baƙon da ya yi yabo ya riga ya miƙa hannu zai dafa kafaɗar Maharazu ya ce masa ya isa haka nan.

Ta daka wa baƙon tsawa, "Baba, kada ka taɓa shi."

Taɓaryar ta kirya ce, busasshiya. Ta sauke masa ita a damtse, wayar ta yi tsalle gefe guda, Maharazu ya yi ɗaya gefen. Masana sun ce bugu ɗaya ya isa. Safiyatu ta yi biyu.

Rabe ya shigo da gudu daga ɗakin injin, ya ja hannun allon ƙasa. Ya dubi takalma biyu da ke jere tsaf, ya dubi mai su kwance cikin taɓo yana haki, ya sake duban takalman.

Baƙon ya ce, "Alhaji, haka ɗiyan Jibiya ke yi wa mazansu?"

"Sai mai sa'a," in ji Rabe.

Mataki na tara: Ka bar shaidu su yi aikinsu

An shafa masa man shanu a tafin hannu, an ba shi ruwa, an zaunar da shi a zaure. Saura babbar matsala. Ƙuna tana warkewa. Amma surukin da ya kira uban matarsa da suna gatsal, gaban baƙi, hanyar Daddara za a nuna masa, wataƙila ma shi kaɗai.

Sa'arka ita ce laifin irin wanda ba a iya maimaitawa ne. Safiyatu, daga bayan ƙofa, ba za ta faɗi sunan ubanta ba. Baƙi ba za su faɗi sunan mai masaukinsu a zaurensa ba. Kowa ya ce ya dai ji wani abu.

Alhaji ya juya. "Rabe, ɗakin injin na da taga. Mi ka ji?"

Rabe ya dubi Maharazu. Bai yi gaggawa ba. Ya ciro tsumma ya shiga goge yatsunsa ɗaya-ɗaya. Maharazu ya gane abin da ake jira.

"Malam Rabe," ya ce a hankali, "hannun allon nan, ina yake kashewa?"

"Ƙasa, Injiniya."

"Talatin ɗin hwa?"

"Metir."

"To. In an jima ka nuna mini yadda ake haɗin."

Za ka ce ai an yi maka alkawarin ba tambaya. An yi. Tambayar da ta zo bayan taɓarya ba a lissafa ta.

Rabe ya mai da tsumma aljihu. "Alhaji, injin na ƙara. Amma ni 'yau' na ji. Yau kashe, wato yau za a kashe aikin, a gama shi. Haka suke cewa a Kano."

"Haka suke cewa," in ji baƙon, wanda bai taɓa zuwa Kano ba.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. "Shi da ko 'yau' ɗin ba ya hwaɗi a gabana," ya ce. "Lalle wuta ta yi aiki."

Da baƙi suka fita alwala, Rabe ya bi su da buta, zauren ya rage su biyu. Alhaji bai dube shi ba.

"Direbana ya gan ka a Kano da tsani. Tun kafin a ɗaura aure na sani."

Ƙafafun Maharazu suka nemi takalmin da za su tuɓe, suka tarar babu.

"Ka san ba a tuɓe takalmi da waya a hannu, ɗiyata ta ce kai ka koya mata. Ka sani, ka tuɓe. Mai haɗa waya ina da shi." Ya jefa mabuɗi a kan tabarma. "Daga yau, in kana aiki, ko wa ya shigo ka bar takalminka a ƙafa. Ba ni son a ce na kashe suruki da gaisuwa."

Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya.

"Tun da tsohuwa ta rasu ba wanda ya kira ni haka. Na ɗauka ita ce." Ya gyara hula. "Kada ka sake."

Rabe ne ya yi haɗin, ya naɗe shi da baƙin tef, ya ɗaga shi sama daga inda hannu zai kai. Maharazu ya riƙe masa tsani, aikin da ba wanda ya fi shi iyawa tsakanin Katsina da Maraɗi. Ana kiran magariba ƙwan gareji ya kama. Direbobin da ke jiran takarda suka taso suna cewa Injiniya ya yi, Rabe na naɗe ragowar tef bai musa ba. Kafin mako ya zagayo labari ya isa Daddara cewa Maharazu tsaye yake magana da Alhaji, takalmi a ƙafa. Babban wansu ya sauke fartanyar daga jikin rumbu ya bai wa maƙwabci.

A gida, Safiyatu na gasa masa damtse da ruwan zafi, ya ce, "Bugun farko na gane, na wuta ne. Na biyun hwa?"

"Kai da aka ce 'yau' ka ce?"

"'Yau' na ce."

"To na biyun ma na wuta ne."

Wanke hannu

Mai wannan takarda ba shi da hannu a ƙuna, ko targaɗe, ko shatar taɓarya, ko komawa gona. Bai ce ka taɓa waya ba, kuma in an kai shi gaban alƙali zai ce shi ma maganar shanya yake yi. Alkawarin da aka ɗauka a farko yana aiki ne kawai ga wanda matarsa ke daka a kusa, taɓaryarta busasshiya, kuma sunan surukinsa na da wata kalma da za a fake a bayanta. Wanda surukinsa ke amsa Abdulmumini, ya tafi wurin Rabe tun ranar Litinin.